Ba Ka Yi Mini Komai Ba

Tun daga inda kwalta ta ƙare Naomi take bita a bayan babur, leɓɓanta suna motsi kamar na mai lazimi. Jimla ɗaya ce, gajeruwa, wadda ko ƙaramin yaro a ƙasar nan ya iya ta: "Ba ka yi mini komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Duk lokacin da ta kai tsakiya sai ta tsaya, ta koma farko. Malam Yusha'u da yake tuƙa ta ya ji gunagunin ta bayan kunnensa, ya ɗauka addu'ar hanya ce, sai ya rage gudu don kada ramuka su riƙa katse mata.

Abin dariyar, in har akwai dariya a ciki, shi ne da wuya a samu wanda ya tsani jimlar nan kamar Naomi. Ba tsana ta fatar baki ba, tsana ce mai babi-babi har da jerin manazarta a ƙarshe. Digiri na uku take yi a Zariya, a fannin falsafar addini da ɗa'a, kuma kundinta kacokan a kan yafiya yake. Hujjarta ba ta da wuyar ganewa, mutanen jami'a ne dai suka saba naɗe magana cikin manyan kalmomi don kada a fahimce su da wuri. Ta ce yafiya ta wanda aka zalunta ce, shi kaɗai. Ta ce ba a yafe laifin da aka ƙi ambata, saboda haka mai cewa "ba ka yi mini komai ba" bai yafe ba, kawar da zancen kawai ya yi. Sannan ta ce idan wanda aka zalunta ya mutu, ya tafi da haƙƙinsa, duk kuwa wanda ya miƙe ya ce ya yafe a madadinsa, uwa ce ko fasto ko hukuma, kyauta ya yi da kayan da ba nasa ba.

Ranar da ta gabatar da wannan babi a gaban malaman sashen, an sha zufa. Wani ya jawo mata umarnin Linjila na a yi ta yafewa ba iyaka, ta ce ai wanda ya yi maka laifi aka ce, ba wanda ya yi wa maƙwabcinka ba. Wani ya jawo mata hukuncin magada da suke da ikon yafe jini, ta ce ai malaman fiƙihun da kansu sun rubuta cewa rabonsu magadan suke yafewa, rabon mamaci yana nan sai ranar hisabi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta zaunar da su, ko murya ba ta ɗaga ba. Mai duba aikinta, Farfesa Abdulkahar, dattijo mai son shayi da ƙin gaggawa, bai ce uffan ba sai da kowa ya watse.

"Na nemi kafa a hujjarki ban samu ba," ya ce mata yana juya cokali a kofi. "Abin da ya tayar mini da hankali ke nan. Idan mai kisa ya tuba, tuba ta gaskiya, a ina kika ajiye shi?"

"Ranka ya daɗe, ba ni na ajiye shi ba. Inda ya kai kansa ke nan."

"Haka ne. Kin taɓa ganin mutum a wurin?"

Ba ta taɓa gani ba, ba ta kuma ga abin da zai sa ta so gani ba. Farfesa bai ƙara magana ba, domin shi ma, kamar kowa a sashen, ya san labarin Jesse, ya kuma san ba a tayar mata da shi.

Jesse ƙaninta ne, malamin firamare a wani ƙauye ta yankin Randagi, inda mahaifinsu ya zo daga kudancin Kaduna tun yana saurayi, ya yi koyarwa, ya yi noma, har ya rasu. 'Yan bindiga sun ɗauke Jesse a gona lokacin karyar masara, shi da maƙwabcinsu Malam Yusha'u, suka ɗaure su sarƙa ɗaya a cikin daji. Naomi ce ta riƙa ɗaukar waya idan sun kira, don mahaifiyarsu ba ta iyawa. Daga baya aka sako Malam Yusha'u yana jan ƙafa ɗaya. Jesse bai fito ba. An ce ya mutu, amma ba gawa, ba kabari, ba wanda zai ce ga inda aka sa shi. Shekaru suka shuɗe, aka yi sulhu, wasu daga cikin mutanen daji suka ajiye bindiga suka dawo cin kasuwa, ana gaisawa da su ana haɗiye yawu.

Sai ga Malam Yusha'u ya kira ta a waya a farkon daminar nan. Ya ce Salmanu, wanda ya yi gadinsu a daji, yana kwance, cikinsa ya kumbura, asibiti sun ce a mai da shi gida. Yana ta aika wa mutanen da ya cuta su zo ya roƙe su gafara, kamar yadda kowa yake yi idan ya ga alamar tafiya ta zo. Ya ce lallai a nemo masa "matar nan ta waya". Kuma cikin waɗanda suka san inda Jesse yake kwance, shi kaɗai ya rage da rai.

Mahaifiyarta ba ta karanta ko shafi ɗaya na kundin ba, amma ta san 'yarta. Da safen nan a gidansu na Birnin Gwari ta riƙe mata hannu a bakin ƙofa ta ce, "Ko me ya ce ki faɗa, ki faɗa. Ni dai in san inda ɗana yake kafin in bi shi." Naomi ta ce to. Ta san abin da ake faɗa wa mai jinya, ta san ƙarya ce a wurinta, ta kuma yanke shawarar za ta faɗe ta ta sayi kabarin ƙaninta. Kunya take ji, irin wadda ba ta taɓa ji ba, amma kunyar ba ta sa ta sauka daga babur ba.

Rana ta ɗaga suka isa wata 'yar tunga a bakin daji. Bukkoki ne kaɗan, da ɗaki ɗaya na laka, da 'yan shanu ramammu a turke. Wata tsohuwa, Rabi'atu, mahaifiyar Salmanu, ta kawo musu ruwa a ƙwarya ta durƙusa har ƙasa, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Akwai wani dattijo a cikin ɗakin, sai suka tsaya a bakin ƙofa suna jira. Malam Yusha'u ya raɗa mata cewa rumbunan mutumin nan aka ƙone masa ƙurmus a shekarar da aka ɗauke su. Suna nan tsaye suka ji dattijon yana cewa, cikin murya mai taushi, "Haba ɗana, ba ka yi mini komai ba. Allah ya ba ka lafiya." Ya fito yana gyara hula, ya gaishe su ya wuce.

Naomi ta shiga tana tsammanin ƙato. Duk tsawon shekarun nan ƙato take gani idan ta rufe ido. Abin da ta tarar a kan tabarma ɗan ƙaramin mutum ne, wuyansa siriri, idanunsa sun yi rawaya, cikinsa ya yi tudu a ƙarƙashin mayafi. Da ƙyar in ya kai Jesse shekaru. Har ta fara tunanin ko kuskuren ɗaki aka yi, sai ya buɗe baki.

"Madam, kin zo."

Muryar nan ta waya ce, nan take ta gane ta. Ta dafa bango ta zauna a kan wata kujera 'yar tsugunno. Aka yi gaisuwa, aka yi ya jiki, Malam Yusha'u yana ta jan gaisuwar don ya ba ta lokacin numfashi. Sannan Salmanu ya haɗa tafin hannuwansa biyu ya ce, "Ki dubi Allah ki yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba," in ji Naomi. "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Jimlar ta fito sumul, ko gargada babu, ta fi duk bitar da ta yi a hanya kyau. Wannan ya ba ta tsoro. Ta zauna tana jira ya yi godiya, ita kuma ta lallaɓa ta kawo zancen kabari. Maimakon haka sai ya zuba mata ido na ɗan lokaci, ya juya a hankali da nauyin cikinsa, ya fuskanci bango.

"Ke ma?" ya ce.

A waje wani maraƙi yana kuka.

"Duk wanda ya shigo haka yake cewa," Salmanu ya ci gaba, yana magana da bango. "Ga Baba Yusha'u nan, ga ƙafarsa, da hannuna na ɗaure ta har ta ruɓe, ya zo ya ce ban yi masa komai ba. Wanda na ƙone wa hatsi ya ce ban yi masa komai ba. To in ban yi wa kowa komai ba, mene ne wannan da yake zaune a ƙirjina? Ko ni kaɗai na ga abin da ya faru?"

"Haka ake cewa, Salmanu," in ji Malam Yusha'u. "Ba a tsare mai jinya da laifinsa. Ni kuwa da na faɗa, har zuciyata na faɗa. Na ajiye abin, ba na son in sake ɗauka."

"Na sani, Baba. Kai ka ajiye, ni ka bar ni da shi." Ya yi tari, ya huta. "Madam, a waya kin zage ni. Ina riƙe da bindiga, kowa yana ce mini ranka ya daɗe, ke kika ce mini azzalumi. Shi ya sa na ce a kira ki. Na ce wannan ba za ta rufe ni da baki ba. Tunda ke ma haka ne, ku tafi kawai, na gode."

Naomi ta ga ta yi biyu babu. Ta sayar da abin da ta yi imani da shi, mai saye kuma ya ce ba ya so. Ga kabarin yana shirin kuɓuce mata. In kuma ta faɗi gaskiya, ba ta san abin da zai biyo baya ba, domin ga tsohuwa a bakin ƙofa, ga yayan Salmanu da 'yan tungar a waje, mutanen da ba a daɗe da raba su da bindiga ba. Ta sauko daga kujerar ta zauna a ƙasa, daidai kansa.

"Ka yi," ta ce. "Juyo ka ji."

Ya juyo.

Ta fara a hankali. Ta ce shi ne yake kiran ta da hantsi, ya ajiye wayar kusa da bakin Jesse, ya sa sarƙar babur ya yi ta dukansa don ta ji. Ya ce haka ne. Ta ce Jesse yana cije baki don kada ta ji kukansa, shi kuma yana ƙara ƙarfin dukan har sai ya yi ihu. Ya ce haka ne. Ta ce akwai ranar da ta roƙe shi da sunan mahaifiyarsa, ya yi dariya ya kwaikwayi muryarta, ta ji sauran suna taya shi. A bakin ƙofa Rabi'atu ta ja mayafi ta rufe fuska. Naomi ba ta tsaya ba. Ta ce bayan Jesse ya mutu ya ci gaba da kira yana cewa yana nan lafiya, ya ci tuwo, a dai hanzarta, har mahaifiyarsu ta sa aka yi addu'ar godiya a coci a kan ɗan da yake cikin ƙasa.

"Haka ne," in ji Salmanu. "Akwai wanda ba ki sani ba. Ranar da zai cika ya ce in kira masa mamansa, ko gaisawa su yi. Na ce ba caji. Akwai caji. Ƙyuya ce kawai ta hana ni hawa dutse neman sabis."

Wannan ta shige ta fiye da duk sauran. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka, kukan da ba ta yi ba ko a ranar zaman makoki. Da ta ɗago, abin da ta gani a fuskarsa ba shi ta yi tsammani ba. Sauƙi ne. Goshinsa ya saki, numfashinsa ya daidaita, kamar wanda aka matse wa maruru. Ta yi shekaru tana rubuta cewa sai an ambaci laifi, ta kare maganar a gaban farfesoshi, amma a ranta makami ta ɗauke ta, abin da za a soki mai laifi da shi. Ba ta taɓa kawowa cewa mai laifin ne zai fi kowa ƙishinta ba. Tsoro ya kama ta, ba tsoronsa ba, tsoron girman abin da ta daɗe tana juyawa a takarda ba tare da ta san nauyinsa ba.

"Na gode," ya ce. "To yanzu ki yafe mini."

"Ba zan yi maka ƙarya sau biyu a rana ɗaya ba. Nawa rabon, ban iya ba yau. Ina roƙon Allah ya ba ni iko. Na Jesse kuwa ba a hannuna yake ba, ba ya hannun mamarmu, ba ya hannun kowa."

Malam Yusha'u ya runtse ido. A ganinsa ta gama zubar da abin da ta zo nema. Amma Salmanu kai kawai ya gyaɗa.

"Haka malamin da ya zo duba ni ya ce. Ya ce Allah yana yafe nasa, na bawa kuwa sai bawa. An ce ke karatun abin nan kike yi a jami'a. A littattafanku ba wata hanya?"

"Na duba ban samu ba," ta ce. Gaskiya ta faɗa, sai dai ta san lokacin da take dubawar, fata take yi kada ta samu.

Salmanu ya kafa wa rufin ɗaki ido. Ba ta tambaye shi kabari ba, bakinta ya kasa. Shi ma bai sa mata sharaɗi ba. Can sai ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya kira yayansa, ya ce a fito da babur a ɗaura shi. Rabi'atu ta shigo tana cewa ina zai je a haka, mutumin da ko bayan gida sai an riƙe shi.

"Inna, ki bar ni. Tunda a wurin Malam Jesse yake, zan je in tambaye shi da kaina."

Da zani aka ɗaure shi a bayan yayansa, kamar goyo. Su ne a gaba, Malam Yusha'u da Naomi a baya. Suka bar gonaki, suka bi wata siririyar hanya da shanu suka fitar, suka ƙetare rafin da ruwansa bai wuce idon sawu ba, daji ya rufe su.

A wurin Naomi, dajin nan kalma ce da ake faɗa da ƙaramar murya. A nan aka haife ta, amma ba ta taɓa wuce gonar ƙarshe ba, kuma tun da aka ɗauke Jesse take ganinsa a ranta baƙi ƙirin, wuri mai wari. Ba wanda ya gaya mata haka yake da kyau. Itatuwan doka sun yi sabon ganye ja, rana tana ratsa su, har hannuwanta da suke kan cinyarta suka koma ja. Sabuwar ciyawa ta tsiro shar a kan toka ta gobarar rani. Garken zabin daji ya tashi a gabansu, can kuma wasu burtu biyu suna takawa a natse, ko kallon babur ba su yi ba. Duwatsu manya suka fara leƙowa ta saman itatuwa, santala-santala, tun kafin a yi Birnin Gwari suna nan, tun kafin a yi bindiga da mai riƙe ta. Ta ji haushin kyan wurin, ta ji kamar rashin kunya ce a ce a nan aka yi abin da aka yi kuma tsuntsaye ba su fasa kuka ba. Daga baya haushin ma ya gagare ta, ta ci gaba da kallo.

A gindin wani dutse suka tsaya. Sansanin ya zama kufai, sai duwatsun murhu da suka yi baƙi da 'yan tsummokara da ciyawa ta fara haɗiyewa. Malam Yusha'u ya ja ƙafarsa zuwa wata kaɗanya, ya shafa wani zobe da ya zagaye gindinta inda ɓawo ya goge, ya daɗe a tsaye. A nan aka ɗaure sarƙarsu, shi da Jesse.

Aka kwance Salmanu. Yayansa ya tallafe shi, yana nuni da haɓa, suka zagaya bayan dutsen. A can, inda dutsen ya yi rumfa, akwai tarin duwatsu dogo, daidai tsawon mutum, wata 'yar kurangar daji ta bi ta kansa.

"Ga shi nan," ya ce. "Sauran sun ce a bar wa kuraye. Ban san abin da ya sa na haƙa ba, kada ki lissafa mini shi a alheri. Ban san yadda kuke yi ba, sai na kwantar da shi yadda muke yi, yana duban gabas."

Naomi ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kan duwatsun. Da ɗumi, rana ta gasa su. Ta kira sunan ƙaninta, ta gaya masa Mama tana nan, tana gaishe shi. Ta yi addu'a da Hausa, yadda mahaifinsu ya koya musu, Malam Yusha'u yana tsaye daga gefe ya cire hula yana cewa amin a inda ya ga ya dace. Ta samu abin da ta zo nema. Ta ɗaga kai ta dubi dutsen da kaɗanyar da kyau, don ta iya kawo mahaifiyarta ko da ba kowa.

Sai Salmanu ya ce a zaunar da shi. Yayansa ya zaunar da shi a wajen ƙafafun kabarin, ya koma baya. Ya gyara rigarsa a kan kumburarren cikin, ya share bakinsa, ya yi sallama kamar wanda ya zo ƙofar gidan babban mutum.

"Malam Jesse, ni ne Salmanu."

Ya fara lissafawa. Duk abin da Naomi ta faɗa a ɗaki ya maimaita, bai tsallake ko ɗaya ba, bai sassauta kalma ba. Sarƙar babur, da dariyar, da kiran da ya riƙa yi bayan ya binne shi, da cajin waya. Ya ƙara da wasu da ita ma ba ta sani ba, ƙanana da manya, yana yi yana hutawa, numfashi yana sarƙe shi. Bai ce talauci ne ba, bai ce an kashe musu shanu ba, bai ce Shaiɗan ba. Da ya gama ya buɗe tafin hannuwansa a kan gwiwa.

"Na tambayi yayarka, ta ce ba a hannunta yake ba. Shi ne na zo. Ka yafe mini."

Ya karkata kai gefe ɗaya, yana jira.

Naomi ta san ba amsa. Ta fi kowa sani a duk faɗin dajin nan, ita ce ta kafa hujja a kai, aka nemi kafa aka rasa. Ga mutumin da Farfesa ya tambaye ta ko ta taɓa gani, ga shi a wurin da ta ce ya kai kansa, kuma komai ya tafi daidai yadda ta rubuta. Babu abin da za ta goge a kundinta. Amma ba ta ji daɗin cin nasara ba ko kaɗan. Abin da ta ji shi ne ita ƙarama ce ƙwarai, tana durƙushe a gefen wata shari'a da ta fi ƙarfin duk wanda yake wurin, wadda aka buɗe a gabanta ba kuma a gabanta za a rufe ba.

Iska ta taso daga gabas ta bi ta cikin dokoki, jan ganyen ya yi ta kaɗawa, sannan ta lafa. Tsuntsayen ma suka ɗauke. Salmanu bai motsa ba. Yayansa ya sauke kai. Sai can Naomi ta lura ashe ita ma ta karkata kai wajen duwatsun.

Aka yi tsawa daga nesa. Malam Yusha'u ya dubi sama, ya matso kusa da ita yana jan ƙafa.

"Malama, hadari ya haɗo. In rafin nan ya kawo, ba za mu ƙetare ba."

Ba ta juyo ba. Ta ɗaga masa hannu kaɗan.

"Mu ɗan ƙara jira, Baba," ta ce, ƙasa-ƙasa, don kada muryarta ta rufe wani abu.